Takalmin da Ba Ya Lanƙwasa

Sau biyu ina faɗuwa jarrabawar nan, kuma duk a wuri ɗaya: kwana ta uku da ake shawa a gangaren bayan Mahlasela, inda tsaunin ke miƙewa kamar bango. Shekara shida ke nan ina koya wa baƙi 'yan Johannesburg tsayuwa kan allon zamiya a filin ƙanƙara da inji ya daddaɓe, in ɗaga wannan, in share wa ɗan wancan majina. Ni kuwa jagora nake son zama, mai kai gwanaye can bayan tsauni inda ƙanƙara take yadda Allah ya zubo ta. Sau uku kacal ake gwada mutum. Ka faɗi na uku, sai haƙuri har abada.

Ranar Laraba dusar ƙanƙara ta zuba sosai, aka ce Asabar za a gwada ni. Na kai allona rumfar Ntate Sekhonyana, tsohon da ke gyaran kayan haya, don ya wasa mini gefensa (Ntate a bakinmu shi ne Baba). Bai ko kalli allon ba. Ƙafata ya zuba wa ido, da takalmin da nake hawa allon da shi.

"Ntsoaki, cire takalmin nan in gani."

Na cire. Safar ulu ta fito, wadda uwata ta saƙa. Ledar burodi ta biyo baya. A ƙarƙashinta ga wata safar. Tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kiwon tumaki za ki, ko zamiya?"

Raina ya ɓaci, wallahi. Duk wanda ya tashi a tsaunukan Lesotho ya san ƙa'idar: takalmi sai ya fi ƙafa da lamba biyu, don safa biyu da leda su samu wuri. Haka ubana ke sayen takalmin robarsa, haka kakana ya yi, kuma babu wanda sanyi ya ci wa yatsa a gidanmu.

"Ntate, ni ba dariya na zo nema ba."

"To mayar da ƙafar, ba safa."

Na mayar. Ya zura yatsu uku a bayan dunduniyata, har da sauran wuri. Sannan ya kama wuyan takalmin ya ninke shi da hannu ɗaya kamar tsumma.

"'Yata, allo ba ya jin maganar baki, ta dunduniya yake ji. Kin ce masa juya, kafin saƙon ya ratsa safa biyu da ledar burodi, kin riga kin sha ƙasa. A filin koyo wannan ya isa. A bayan tsauni kuwa, ina!"

Ya ɗauko takalma uku ya jera, yana danna kowanne a gwiwarsa. Na farko ya kwanta. Na biyu ya ɗan rusuna. Na uku, wani baƙi mai muni, ko gezau. Na gwada na biyun da siririyar safa guda, na ji daɗinsa, na ce shi nake so.

"Wannan na masu tsalle-tsalle ne a gaban 'yan kallo. Sa baƙin."

Na sa, ya ja igiyar har na ce wayyo. Babban yatsana na taɓa gaba.

"Ya yi mini kaɗan!"

"Durƙusa kaɗan, kamar kina kan allo."

Na durƙusa, sai yatsan ya ja baya da kansa.

"Yanzu ɗaga dunduniyar."

Na yi, na yi, ta ƙi motsi.

"Yauwa," in ji shi. "Ki tafi da shi a ƙafa, kada ki cire sai za ki kwanta."

Kwana biyu ina yawo da shi kamar an ɗaura mini itace a ƙwauri. Da shi na ɗebo ruwa, da shi na tuƙa papa, tuwon masararmu. Uwata ta dube ni ta ce ko agwagwa ta fi ni iya tafiya.

Asabar da hantsi muka hau tsaunin da ƙafa, ni da Ntate Ralebitso, mai gwajin, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba. A can ƙoli ya ce, "Ke ce gaba. Ina biye." Tsoro ya kama ni.

Na saki kaina. A kwana ta farko na ɗan danna yatsu, allon ya juya nan take, har na kusa wuce gona da iri. Ashe haka abin yake! A ta biyu na fara gane shi. Sai ga ta uku, bangon nan, kuma iska ta share saman, ta bar ƙanƙara mai tauri tana ƙyalli. Na kwantar da nauyina kan dunduniya ina jiran ƙafar ta zame a cikin takalmi yadda ta saba. Ba ta zame ba. Gefen allon ya ciji ƙanƙarar, ya yi ƙara ƙiiii, ya riƙe. Na kurma ihu ni kaɗai a tsakiyar tsauni. Daga nan ban ƙara ƙirga kwana ba, gudu kawai nake, garin ƙanƙara na tashi a bayana.

A gindin kwarin na tsaya ina haki. Sai da na jira kafin Ntate Ralebitso ya iso, gemunsa fari fat, kafaɗarsa ɗaya duk ƙanƙara. Ashe shi bangon ya kayar. Ya karkaɗe jikinsa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon layin da na zana tun daga sama.

"Gobe akwai baƙi biyar," ya ce. "Ta wannan hanyar taki za ki bi da su. Ni ma ita zan bi."

Na buɗe baki in ce na gode, sai kuka ya riga ni fitowa.