Birkin da Ba a Nema Ba

Tun da na bar makaranta na taɓa walda, na taɓa gyaran waya, babu inda na daɗe. A bas ɗin yayana kaɗai na zauna, wataƙila don ita ma ba ta zama wuri ɗaya. Ni ne kwandasta. Fasinja ya ce "akwai", in buga jikin mota, Yaya ya taka birki.

Sai hukumar sufuri ta ware wa bas layinta a babban titi. Aka shafa jan fenti, aka jera kankare ya raba mu da sauran motoci. Tsayawa sai a tasha. Direban da ya ci gwaji shi za a bari a layin, saura su koma cunkoso. Yaya ya ƙwallafa rai.

Ranar gwaji wata jami'ar hukumar ta zauna a gaba.

"Auta, in ka buga min mota yau, da kunnenka zan goge gilashi," in ji Yaya.

Na cusa hannuwa a aljihu. Dama na daɗe ina son in gane, ni nake tsayar da motar nan ko shi?

Tafiya ta yi daɗi. Muna ta wuce motoci kamar an dasa su. Bakina ya kasa shiru.

"Malama, in bas ta mutu a ciki fa, na baya ta ina za su bi?"

"An bar gurbi a kankaren nan da can," ta ce. "Sai dai kafin a janye ta kowa jira zai yi."

Muka doshi lungun su Iya mai tsintsiya, wata tsohuwar fasinjarmu da ke cikin motar, tsakanin tasha da tasha. Kullum nan muke sauke ta saboda ciwon gwiwa. Ba ta cewa "akwai", ɗaurin tsintsiyarta kawai take jawowa. Ta jawo. Na ƙara danna hannuwana, ina leƙen ƙeyar Yaya.

Mota ta tsaya cak.

Bas ɗin bayanmu ta danna hon, ta bayanta ma ta karɓa.

"Wa ya buga?" Yaya ya daka tsawa.

"Ga hannuna a aljihu, Yaya."

Iya ta sauka a hankali abinta, tana sa masa albarka har da 'ya'yan da bai haifa ba.

"Direba, yau kam ba ka ci ba," in ji jami'ar. "Ka dawo gwaji na gaba."

Yaya ya dubi ƙasa. Ƙafarsa ya tsura wa ido kamar aro ya yi.

Da muka kai ƙarshen layi ya kira ni.

"Daga gobe a tasha Iya za ta sauka. Kai za ka gaya mata."

"Da gwiwar tata?"

"Sai ka ɗaukar mata tsintsiyar ka raka ta, tunda ƙafarka ƙaiƙayi take yi."

"To wa zai riƙe ƙofa?"

"Ka yi sauri ka tare mu a dawowa."