Matar Mai Dogon Wuya a Jakar Gwanjo

Ni Eunice, shekara tara ina sayar da gwanjo a Kakuri, amma ban taɓa ganin tashin hankali irin na ranar Talatar nan ba. Shekara biyu ke nan da sojoji suka koma bariki, gari kuma bai gama hucewa daga rikicin bara ba. Mutum biyar su ɗaga murya a wuri ɗaya, sai ka ga ana rufe shaguna.

Malam Shehu tela, na Makera, ya saya wa 'yarsa jakar makaranta a wurina. Washegari da azahar sai ga shi da mutane a bayansa, ya ɗaga wani kati sama.

"Maman Rhoda, mene ne wannan kika sa wa 'yata a jaka?"

Na duba. Wayyo Allah! Kati ne mai ƙyalli, girman na karta, da zanen wata mata fara fat, wuyanta ya miƙe kamar igiyar guga ya zagaye fitila, tana murmushi. A ƙasa ga wani rubutu da ba boko ba, ba Larabci ba. Na rantse ban taɓa ganinsa ba. Daga cikin dilar gwanjo jakar ta fito, ko aljihun cikin ban zuge ba.

"Yarinyar da zazzaɓi ta kwana," in ji wani. Wani ya ce asiri ne. Kan ka ce me, mutane sun cika bakin rumfata, har maƙwabciyata ta fara kwashe kayanta.

Sai Audu bakanike ya kutsa, ya karɓi katin.

"Haba jama'a! Rubutun Japan ne, irinsa ne a jikin motocin da nake gyarawa. Katin wasan yaransu ne, tarawa suke yi suna musaya. Wannan matar kuma ta cikin tatsuniyarsu ce."

"To karanta mana," in ji Malam Shehu.

"Ai ban iya ba."

Shi ke nan, ya ɓata min zance. Malam Shehu ba mugu ba ne. Ya dubi Rhoda, 'yata mai shekara bakwai, tana tsaye cikin kayan makaranta, 'yar ajin rana ce.

"In wasa ne, ki sa a jakar taki 'yar. Ta tafi da shi mu gani."

Gaskiya ni ma ban yarda da maganar Audu ba. Tsoron matar nan nake ji har cikin ƙashina. Amma na ga wani matashi ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Na yi dariyar dole, na ce, "Wasa ne mana!" Na zuge jakar Rhoda, na tura katin tsakanin littattafanta da hannuna.

Mutane suka fara watsewa. Rhoda ta goya jakarta ta kama hanya tana tsalle. Bakina ya buɗe zan kira ta, sai na ga Malam Shehu bai tafi ba, ni yake kallo. Na rufe bakina, har ta sha kwana.