Kujerun Layin Baya

Odessa Pruitt ta shigo gidan wasan kwaikwayon da rana tsaka, kofin kofi a hannu, ta tarar da kujerun layin baya kwance a ƙasa, ƙafafu sama. Carmine kafinta yana durƙushe yana kwance kusoshi, har da fito abinsa.

"Carmine! Me nake gani haka?"

"Umarnin maigida ne, 'yar uwa. Ya ce a cire layin nan kaf."

Duk wanda ke cin abinci da wasan kwaikwayo a New York ya san abin da wannan ke nufi. Gidan da ya kai kujera ɗari biyar a unguwar nan shi ake kira Broadway. In ya gaza ko da ɗaya, ya koma ƙaramin gida, albashi ya faɗi, manyan kyaututtuka kuma sai dai ka gani a talabijin. Ita kuwa Odessa ta haura shekara sittin. Ta fito a 'yar aiki, ta fito a maƙwabciya mai gulma, har gawa ta fito a ƙananan gidaje, sai bana aka ba ta jarumar wasa a gida mai ɗari biyar cif. Ga likita ya riga ya gaya mata gwiwarta ba za ta kai baɗi a kan dandamali ba.

"Mako mai zuwa fa za a buɗe wasan," in ji ta. "Mayar da su inda ka same su."

"Ki rufa mini asiri, ina da iyali." Ya share gumi, ya dube ta da tausayi. "Ke ma dai, mene ne a sunan? Broadway ɗin nan sunan titi ne fa. Tun zamanin da mutanen Holan ke mulkin garin nan ake ce masa faffaɗar hanya, shanu ma sun bi ta kai. Ga shi can bakin kwana, je ki taka son ranki."

"Lallai ma, Carmine! Titi na ƙarar da ƙuruciyata ina nema?"

Ta haura ofis tana ɗingishi, ta tarar da shi a kulle. Maigidan, marar kunyar banza, ya tsere gidansa na bakin teku tun da safe.

Da yamma aka fara gwajin wasan. Odessa ta hau dandamali ta buɗe murya, irin wadda ta yi rayuwarta tana horarwa don ta kai kunnen na can ƙarshen babban gida. Maganar ta cika zauren har bango ya amsa. Terrence, mai ba da umarnin wasan, ya ɗaga hannu ba tare da ya iya haɗa ido da ita ba.

"Uwata, ɗan sassauta murya," in ji shi. "Babu kowa can baya."

Ta ce to. Ta maimaita maganar a hankali.