Kicin Farin Zomo

Tun da suka sauko daga kan tudun Clive Metcalfe yake ƙirga mashayun da ke cikin kwarin, kuma lissafin bai yi masa daɗi ba. Uku ne kacal. Ta ukun ita ce wadda ya yi wata bakwai yana kauce wa hanyarta kamar an ce akwai annoba a ciki.

Shekara goma sha tara shi da matarsa Hilary suna cin abincin ranar Lahadi a wannan mashayar, Farin Zomo, a teburin jikin taga, da kare kwance a ƙarƙashi, in wannan ya mutu a samo wani. Hilary ta rasu a watan Maris. An yi jana'iza, an sha shayi, kowa ya ce Clive ya yi ƙoƙari. Amma ba wanda ya gaya wa Sheila, mai mashayar, kuma ya san in ya shiga shi zai faɗa. Har yau maganar ba ta taɓa fita daga bakinsa ba, 'yarsa ce ta yi duk buge-bugen wayar. Tsoro yake ji, ba wani abu ba.

"Dattijo, yunwa fa nake ji," in ji Roy, ƙanin Hilary, wanda ya zo daga garin Hull don ya taya shi zama, ya ƙare da taya shi cinye biskit. "Mil shida ka ja ni cikin kashin tumaki. Ko ita karyar ta fara kallona kamar nama."

Bramble, karyar Clive, ba ta kalli kowa ba. Tana nan jiƙe sharkaf, tana wari.

A mashaya ta farko sun tarar da hoton kare a ƙofa, an ja masa jan layi. Wani mai farar riga ya leƙo, ya dubi takalmansu, ya dubi Bramble, ya ce yana ba da haƙuri ƙwarai da gaske. Clive ma ya ba shi haƙuri. Suka yi ta ba juna haƙuri har aka rufe ƙofar.

A ta biyu aka ce ai suna son karnuka sosai, amma a lambu. Suka leƙa lambun. Teburi huɗu ne, ruwan sama yana zuba a kansu, da agwagwa guda a tsaye kan ɗaya.

"To, ga wuri har da mai hidima," in ji Roy. "Kai, Clive, ba wata ce yayata take yawan zancenta ba? Mai zomo?"

"Tana da nisa."

"Ga hayaƙinta can ina gani."

"Biyu da rabi take rufe kicin. Ko limamin coci ne ya zo biyu da minti talatin da ɗaya, sai dai ya ci gyaɗa."

Wannan gaskiya ne, duk kwarin an sani. Don haka Clive ya ɗauki hanyar da tafiyar mai ciwon ƙafa. Ya tsaya ya gyara igiyar takalmi. Ya tsaya ya nuna wa Roy wata katangar dutse da ba ta da bambanci da sauran. Roy ya ce ya taɓa ganin akwatin gawa da ya fi shi sauri, sannan ya tuna da rasuwar yayarsa, ya shiga yabon katangar.

Uku saura kwata suka isa. Clive ya ce to, an makara, sai a juya. Amma Bramble ta fizge igiya ta kutsa ciki, kuma mutum ba ya barin karensa a gidan mutane. Suka cire takalma a zaure kamar kowa, suka jera su cikin sauran, suka shiga da safa.

Ba abin da ya canza. Wuta na ci a murhu, an rataye allon da ke cewa an rufe kicin. Bramble har ta kwanta ƙarƙashin teburin taga, kanta a jikin kujerar hagu, wadda Hilary take zama.

"A'a! Ka ga ɓatattu!" in ji Sheila daga bayan kantar mashayar. "Ni na ce miyar sabon kukuna ce ta kore ku. Kun makara kuwa, ka san doka." Ta leƙa bayansa, wajen zaure. "Ina mutuniyar? Tana can tana kokawa da igiyar takalmi kamar kullum?"

Clive ma ya juya ya dubi zauren. Ya san babu kowa, amma sai da ya duba. Roy ya tsura wa silin ido.

"Ta rasu, Sheila," ya ce. "A watan Maris."

Sheila ta ci gaba da goge kofin da ke hannunta, wanda ya riga ya bushe. Ta ajiye shi a hankali.

"Ku zauna," ta ce. "Kuna ɗiga mini ruwa a ƙasa."

Ta shige ciki. Suka zauna, Roy ya bar kujerar hagu ya jawo wata. Can suka ji ana fyace hanci da ƙarfi, sai kuma ƙarar kasko.

Wasu mata da miji suka shigo da safa, suka tambayi abinci. Sheila ta leƙo da jajayen idanu, ta nuna musu allon, ta ce akwai gyaɗa.

Uku da minti goma ta fito da faranti biyu da ɗan kwanon nama don Bramble. Ta ajiye wa Roy naman saniya. Clive kuwa ta ajiye masa kifi da dankali, ba wake, lemon tsami yanka biyu, yadda Hilary take ci. Sai ta ga abin da ta yi, ta kai hannu za ta ɗauke.

Clive ya riƙe bakin farantin.

"Bar shi," ya ce. "Shekara sha tara ba ta taɓa sam mini ba."