Bandejin Allah Ditta

A ƙauyukan Multan ba a kai wa ido wuƙa lokacin zafi, sai sanyi ya shigo, wai kada ciwo ya ruɓe. Allah Ditta mai gonar mangwaro ya riƙe wannan doka kamar farilla. Ga shi hawan jinin ido ya cinye masa na hagu, aikin da aka yi wa na dama kuma ya toshe.

"Baba, idon nan ba zai kai sanyi ba," in ji likitar ido da aka kai shi wajenta. "Kuma ba yanka za mu yi ba. Sauti za mu aika cikin idon, ya rage ruwan da ke matse shi."

"Sauti? 'Yata, da sauti na magani, ai da Bashiran ta warkar da ni tun muna amare."

"Ka ji shi ko, likita?" in ji Bashiran, matarsa. "Ki haɗa da harshen."

Da ƙyar ya yarda. Kafin shayin Bashiran ya huce an gama. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, in ji likitar, amma saura zai tsaya. Ta rufe idon da bandeji, ta ce gobe a cire.

Nan gogan ya shiga lissafi. A wancan aikin na baya ya sha gata: kwanciya a gadon igiya, alewar man shanu da almon, dangi na ta zuwa da lemo. Yanzu ba ɗinki, ba jini, wa zai yarda an yi masa wani abu? Gari ya waye, ya ce bandeji na nan daram.

"Baban Rukhsana, likita ta ce a cire," in ji Bashiran.

"Idonta ne?"

'Yan dubiya suka cika tsakar gida, aka kawo alewa. Sai dai mai ido ɗaya in ya rufe shi, me ya rage? Ya lalubi kwano, ya tsoma hannu a shayi. Jikarsa ta ce, "Kaka, dubi sabuwar rigata," ya juya wajen akuya ya yaba. Kowa ya fashe da dariya.

Shi bai yi ba. Tsoro ne ya kama shi sosai, don ya gane wannan duhun ne zai same shi da ya zauna jira har sanyi.

Ya fizge bandejin, hasken rana ya soke shi har hawaye.

"Ina yarinyar? Zo nan gabana. Ashe rigar ja ce."