Farantan Sola na Gandu

Ranar da akuyar Safina ta mutu, Ɗayyabu ya zargi ruwan da ta sha. Guga ya ɗauka ya nufi rijiyar lambu, ya jawo ruwa ya ɗaga shi saitin rana. Ga maiƙo nan kwance a sama, yana ƙyalli kala-kala kamar wuyan tantabara.

Shekara da shekaru injin ban-ruwansu na zaune a bakin rijiyar nan, yana tsiyayar da dizal da baƙin mai. Ƙasar wurin ta koma baƙa ƙirin, ko ciyawa ta daina fitowa. Shi kansa in ya wuni kusa da injin, majinar da zai fyace da yamma baƙa ce.

"Baban Marwa," in ji Safina matarsa, tana tsaye a bayansa, "yau akuya ce. Gobe kuma wa? Ruwan nan fa 'yarka ke sha duk ranar da muka kawo maka abinci."

Maganar nan ce ta hana shi zama. Ya dinga zarya tsakanin Miga da Dutse har takalminsa ya cinye, kafin wata ƙungiya mai taimakon manoman rani ta yarda ta ba su famfo mai aiki da hasken rana, da farantansa.

Sai dai lambun ba nasa ba ne shi kaɗai. Gandu ne. Tun rasuwar mahaifinsa, Baffa Abdulƙadir, ƙanin marigayin, shi ke riƙe da gida. A gandu kuwa duk abin da ya shigo, hatsi ne ko garma, hannun babba yake faɗawa. Don haka a zauren Baffa aka sauke kayan. Ɗayyabu don murna har jan fenti ya samo, ya zana wa gefen kowane faranti alamar gidansu, irin wadda suke yi wa buhunan gero.

"Sabon abu ba a yi masa garaje," in ji Baffa yana shafa gemu. "A bari sai Juma'a ta sama, a tara malamai a yi addu'a, sannan a kafa."

Wa zai ja da addu'a? Ɗayyabu ya dasa albasa lambun kaf, ya ba ta ruwa na ƙarshe da tsohon injin, sannan ya kwance shi ya ɗora a amalanke, ya nufi wurin 'yan gwangwan. Ta ƙofar zauren ya bi. Baffa na zaune a kan buzu.

"Baffa, yau dai mun rabu da annoba."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka."

Juma'a ta zo ta wuce, babu malamai. Aka ce mai haɗa kayan ne bai zo ba. Ɗakin da aka mayar da farantan kuma an garƙame shi da kwaɗo. Albasa ta fara sunkuyar da kai, bakin ganyenta ya yi ruwan ɗorawa. Tambayar babba sau biyu a kan magana ɗaya rashin kunya ne, saboda haka Ɗayyabu ya haɗiye, ya hau mota zuwa Dutse don ya ɗauko mai haɗin da kansa.

Rana ta take lokacin da ya sauka a tasha. Ƙishirwa ta sa ya ratse shagon Sharhabilu, ɗan Baffa, mai sayar da lemo da ƙanƙara. Tun daga nesa ya ji wani abu ya sauya: babu ƙarar janaretan da kullum ke cika layin da hayaƙi.

"A'a, Yaya! Manoman ƙasa!" Sharhabilu ya taso da dariya, ya miƙo masa ruwa mai raɓa. "Sha ka ji sanyin birni. Yanzu rana ce ke mana aiki, mu muna kwance."

Ɗayyabu ya ja da baya ya ɗaga kai. A kan rufin kwanon, farantai ne jere suna sheƙi. A gefen kowanne, ga jan fentinsa.

"Ina ka samo waɗannan?"

"Kai Yaya, har da tsokana? Ai Baba ya ce kai ka bar mini, wai ku a ƙauye kun saba da injinku. Ni da nake shirin zuwa godiya."

"Famfon fa?"

Dariyar Sharhabilu ta ɗauke. "An... an yi musayarsa da batura. Mai shi ya wuce da shi Kano."

"Yaushe aka kawo su?"

"Ranar Laraba da ta gabata, bayan azahar."

Laraba. Washegarin ranar da ya tura amalanke ta ƙofar zaure. Ɗayyabu ya ajiye ruwan bai kurɓa ba, ya juya.

La'asar sakaliya ya iske Baffa a zaure tare da maƙwabcinsu Barau. Ya durƙusa ya gaishe su yadda ya saba, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar jikin uwargidan Baffa. Sannan ya ce, "Baffa, daga shagon Sharhabilu nake."

Carbin Baffa ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da tafiya.

"To, sai aka yi yaya? Kayan gandu ne, ni ne babban gandu. Ko Sharhabilu ba ɗan gidan nan ba ne? Shagon nan shi ke ɗauke mana hidima in damina ta gaza."

"Ban ce ba ɗan gida ba ne. Amma kana kallo na ɗora injin a amalanke. Ka sa mini albarka, Baffa. Ka san abin da za ka yi, ka bar ni na wuce."

Barau ya shiga neman takalminsa.

"Zauna, Malam Barau," in ji Baffa, sannan ya dubi Ɗayyabu. "Ga shi nan ma, sai ya ara maka injinsa. Albasa ba ta san dizal da rana ba, ruwa ta sani."

"A sake zuba mai a rijiyar da jikarka ke sha?"

"Mu da shi muka tsufa, ba mu mutu ba."

Ɗayyabu ya dubi mutumin da ya yi masa aure, ya raɗa wa 'yarsa suna. Kalmar da ba a taɓa furtawa a gidan nan ba ita ce ta fito.

"Baffa, a fitar mini da rabon mahaifina."

"Ka san abin da bakinka ke faɗa, yaro?"

"Na sani. Malam Barau shaida ne."

Kafin mako ya zagayo, dattawa sun ja iyaka a tsakiyar lambun. Rijiyar ta faɗo ɓangaren Ɗayyabu. Ya yashe ta, ya kankare baƙar ƙasar bakinta ya kai nesa, ya sari itace ya kafa jigo irin na kakanni, guga a gaba, dutse a baya. Da ƙarfin damtse ya ceci fangalin da ke kusa da rijiyar. Sauran albasar ta bushe a tsaye.

Da Safina ta kawo abinci, ta tarar da tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe. Daga can hanya Baffa ya wuce a bayan mashin, bai waiwayo ba.

"Ka gaishe shi?" ta tambaya.

"Na gaishe shi. Bai amsa ba."

Ya danna jigo, guga ya nutse ya taso. Ya ɗaga ruwan saitin rana ya daɗe yana dubawa. Har yanzu akwai ɗan maiƙo a gefe. Ya watsar, ya sake jefa gugan.