Minti Goma Sha Biyu a Tasha

Babu tafiyar da take gagarar mutumin da ya iya tsara jadawali. Wannan ita ce aƙidar Malam, kuma yana da hujja. Shekara goma sha tara yana mataimakin shugaban makaranta, shi ke raba wa malamai arba'in lokacin darasi, ba a taɓa samun biyu sun yi karo a ƙofar aji ɗaya ba. Don haka da bizar iyalinsa ta fito, bai nemi shawarar kowa ba. Ya ɗauko farin kwali daga ofis, ya shimfiɗa a teburin cin abinci, ya ja layuka da rula. Kwana tara, gari huɗu, mutum biyar.

Kowane gari da mai shi. Na farko, inda jirgin sama zai sauke su, na Lauya ne, babbar 'yarsu, wadda ta samu sunan saboda ba a taɓa kayar da ita a magana ba; can ne ake kallon manyan kifaye ta bayan gilashi. Na ƙarshe, inda za su hau jirgin dawowa, na ƙanenta Gola ne, saboda filin ƙwallo. A tsakiya akwai garin Malam, mai wani dutse da ya taɓa aman wuta ya daina. Tun yana saurayi yake zana wa ɗalibai dutsen nan a allo, bai taɓa ganinsa ba. Sai kuma wani ɗan gari da ya kauce wa layin dogo, babu abin kallo a cikinsa sai yayar matarsa, wadda aure ya kai can shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Tun daga nan ba su sake haɗuwa ba. Auta, ɗan shekara huɗu, ba shi da gari. An rubuta shi a layi ɗaya da akwatuna.

Matar, wadda har Malam ke kira Umma kamar yadda yaran ke yi, ta tsaya a kan kwalin tana goge hannu. Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan gida a cikin jadawalin.

"Malam, wannan fa?"

"Canjin jirgin ƙasa. Minti goma sha biyu. Mu sauka daga wannan, mu haura gada, mu shiga wancan."

"Da yaran?"

"A makaranta minti biyar nake ba yara ɗari tara su canza aji."

"Waɗancan tsoronka suke ji," in ji ta. "Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu gwada."

Ran Asabar da hantsi aka yi gwajin. Daga falo zuwa inda bas ke tsayawa a bakin titi, tazarar da Malam ya auna ya ce daidai take da ta tasha. An cika akwati uku da tsofaffin littattafai don nauyi. Malam ya aro agogon malamin wasanni, ya rataya a wuya, ya danna.

A minti na biyu takalmin Auta ɗaya ya ɓace. Aka same shi a minti na bakwai, a hannun Auta. A bakin ƙofa Gola da Lauya suka tsaya shari'a kan wanda zai ja akwati mai taya, Lauya ta yi nasara, sannan ta ce ya yi mata nauyi. Sun wuce shagon tela ke nan Auta ya ce fitsari.

"Ba na tambaye ka ba kafin mu fito?"

"Lokacin bai zo ba, Abba."

Umma ta koma da shi gida. Malam ya tsaya a gefen titi da akwati uku, tela ya leƙo ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malam. Ƙaura ce?" Da suka dawo, Auta ya ce ƙafarsa ta gaji, ya zauna a ƙasa da natsuwar mutumin da ya gama aikinsa na ranar. Malam ya saɓa shi a kafaɗa. Suka isa a minti na talatin da takwas.

"Jirgin ya tafi ko, Abba?" in ji Gola.

"Har na bayansa," in ji Lauya.

Malam yana da aibobi, amma ba ya musu da agogo. Ran Lahadi bayan azahar ya juya kwalin ya fara sabo. Ya ba kowane canjin jirgi awa guda. Ya buɗe gida don barcin ranar Auta, gida don wanki, gida don neman abin da ya ɓace. Ya bar yini ɗaya fari fat, abin da a makaranta yake kira asara. Da ya gama, kwana tara suka ƙi ɗaukar gari huɗu. Na farko da na ƙarshe ba sa taɓuwa, tikiti ya riga ya ɗaure su. Ya rage ko dutse ko yaya.

A aikin jadawali akwai dokar da ba a koyarwa a jami'a. Idan darasi biyu suka yi karo, ba a neman wanda ya fi gaskiya. Ana neman malamin da ba zai zo ofis ya ɗaga murya ba, shi ake turawa darasin ƙarshe, lokacin da rana ta take kuma yara sun fara hamma. Kowace makaranta tana da irin wannan malami. Malam ya san dokar sarai, ya kuma san ba adalci ba ce, aiki kawai take yi.

"Sai dai a cire dutsen," ya ce, yana riƙe da magogi a saman kwalin.

Lauya ta leƙo ta kafaɗarsa. "Abba, magogin bai taɓa takarda ba."

"Jeki ki kwashe shanya," in ji Umma.

Ta ja kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon ɗan gidan da aka rubuta sunan garin yayarta da fensir, kamar mai karanta doguwar wasiƙa.

"Bar dutsenka," ta ce. "Garin Yaya awa shida ne a bas. Ka san Auta da amai a mota."

"Gaskiya akwai wannan," in ji Malam. Shi kansa ya ji saurin amsar ya yi yawa, sai ya ƙara da cewa, "Baɗi ki je ke kaɗai, ki yi wata guda cur."

"Allah ya kai mu."

Ya goge garin yayar, ya hure kwalin. Jadawalin ya fito tsaf, babu karo, babu gudu a tasha, irin wanda za a iya bi da yara uku a dawo ana magana da juna. Ya kira Gola da Auta su zo su gani.

Umma ta ɗauki waya ta fita bayan kicin, ta zauna a kan matakala. Yayar ta ɗauka tun ƙarar farko, ta fara da labari: ta karɓi hutu a wurin aiki, ta aro katifa biyu a maƙwabta, ɗaya ma sabuwa ce, ledarta ba a cire ba. Sannan ta tambayi ko Auta har yanzu ba ya shan madara.

"Yaya," in ji Umma, "na duba hanyar nan. Yaran ba za su iya ba."



"Shi ya ce?" in ji yayar.

"A'a. Ni na gani."

"To," in ji yayar. "Bari in mayar wa mutane katifunsu kafin yaran gidan nan su ɓata su."